Bindigar da Ke Canja Hannu Tsakanin Maraɗi da Katsina: Wa Ya Shaida, Wa Ya Rubuta?

Idan aka tayar da maganar makamai a majalisun Sabon Garin Maraɗi, hankalin kowa yakan tafi can arewa: motar da jandarmomi suka tare a hanyar Agadas, buhunan da aka kwance aka tarar da harsasai, manyan dillalan da ba a ganin fuskarsu. Wannan hanya tana nan, kuma babba ce. Tun bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 rumbunan makaman Libiya suka buɗe, abin da ke ciki ya watsu cikin Sahel, wani kaso ya gangaro har dazuzzukan Zamfara da Katsina. Amma akwai wata hanya ta biyu da ba ta shiga labaran rediyo, ita ce ta aro, da ajiya, da jingina, da kyauta, da gado. Wa ya ba ƙane, suruki ya ajiye wa suruki, mai bashi ya bar ƙarfensa a hannun wanda ke binsa. A wannan hanya babu mota, babu buhu, bindiga ɗaya ce ke tafiya a lokaci guda, a naɗe cikin tabarma ko a ƙarƙashin kayan babur. Ra'ayina shi ne, a nan dokokinmu suka fi rauni, kuma a nan ne gyara ya fi yiwuwa da abin da muke da shi a hannu.

Sai mutum ya san yadda wannan yanki yake kafin ya gane nauyin maganar. Maraɗi gari ne da Katsinawan da suka bar birnin Katsina bayan jihadi suka kafa a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har yau sarautar garin take Sarkin Katsina. Tsibiri kuwa Gobirawa ne suka kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma nan ce fadar Sarkin Gobir. Layin da ya raba mu da 'yan'uwanmu na kudu Faransa da Ingila ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi ƙasa aka kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500. Ofisoshin duwan da na 'yan sanda suna bakin manyan hanyoyi, kamar Ɗan Isa ta ɓangarenmu da Magama ta Jibiya a ɓangarensu, amma tsakanin wannan ofis da wancan gonaki ne da burtali da hanyoyin ƙafa. Manomin Jiratawa yana da ɗiya da ke aure a ƙasar Jibiya. Ɗan kasuwar Sabon Gari yana cin kasuwa a Katsina ya kwana gida. Ga mutanen nan, miƙa wa ɗan'uwa abu a hayin iyaka hidimar gida ce. A idon doka kuwa, idan abin nan bindiga ce, an fitar da makami daga wata ƙasa an shigar da shi wata, laifi biyu a ƙasa biyu.

Me dokar Nijar ta ce? Ginshiƙinta tsohuwar doka ce ta ranar 23 ga Afrilu 1963, zamanin Diori Hamani, wadda ta tsara riƙe bindigogin farauta da na wasan harbi, da shigo da su, da miƙa su ga wani, da cinikinsu. Ƙa'idarta ita ce izini daga hukumar cikin gida, kuma izinin na mutum ne a kan kansa. Ba ya bin bindigar zuwa hannun wanda aka ba. Makaman yaƙi irin su kalash ba su cikin abin da farar hula zai nema wa izini, riƙe su laifi ne da kundin hukunta laifuka ya tanadar wa ɗauri. A 1994, ana cikin tawayen arewa, aka kafa hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai, kuma ƙasar nan ta taɓa nuna wa duniya abin da za ta iya: ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara makaman tsofaffin 'yan tawaye a Agadas aka cinna musu wuta a bainar jama'a.

Dokar 1963 ba ta yi kuskure a manufarta ba. An dai rubuta ta ne don wani zamani, lokacin da mai bindigar zamani ma'aikacin gwamnati ne ko babban ɗan kasuwa ko Baturen da ya zo farauta, mutanen da suka iya Faransanci kuma suka san ƙofar ofis. Maharbin ƙauye mai bindigar toka da ya gada wajen mahaifinsa bai taɓa shiga lissafinta da gaske ba. Wannan ma gadon mulkin mallaka ne, domin tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 Turawa suka hana shigo wa Afirka bindigogin zamani, suka bar wa 'yan ƙasa masu ƙyastu da albarushi. An saba kallon ƙirar maƙera a matsayin kayan al'ada, na hawan salla da farautar rani da korar birai daga gona. To maƙerin yau ba na jiya ba ne. A arewacin Najeriya jami'an tsaro sun sha kama ƙirar gida da ke cin harsashin zamani. Abin da doka ta ɗauka kayan biki ne ya zama abin da ake tare hanya da shi.

A hayin iyaka, dokar Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa. Na riƙon kai, irin su mai baki biyu ta farauta, sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Na toka kuma suna hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar ta hana a sayar ko a miƙa bindiga ga wanda bai nuna lasisinsa ba, ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, kuma ta keɓe mashigai na musamman da za a iya shigo da makami ta cikinsu. Ta ma yi maganar mutuwa: idan mai lasisi ya rasu, wanda kayan mamacin ke hannunsa yana da kwana 14 kacal da doka ta yarda ya riƙe bindigar. Kwana 14, ba a ma yi sadakar arba'in ba, balle rabon gado. Ina gidan da ke cikin zaman makoki da zai tuna da wannan? Amma aƙalla an yi tunanin matsalar, an san cewa rasuwar mai gida lokaci ne da bindiga ke rasa mai ita.

Wani abin da ya kamata mu lura da shi: a Najeriya jihohi ba su da ikon yin dokar makamai. Tsarin mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Shi ya sa a watan Yuni 2022, da gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kansu, babban hafsan tsaron ƙasar na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Kafin nan, a ƙarshen 2021, Aminu Bello Masari na Katsina ya yi kira makamancin wannan. Ban ɗauki maganar gwamnonin nan da wasa ba, mutane ne da suka gaji da zuwa jana'iza. Amma duk wanda ke zaune a Madarumfa ko Gidan Rumji ya san cewa bindigar da aka ce talakan Jibiya ko na Zurmi ya saya ba za ta tsaya a Jibiya ko Zurmi ba. Ranar da yunwa ta matsa, za a sayar da ita, kuma mai saye na iya zama na wannan ɓangaren.

A nan ne nake ganin akwai abin dubawa a Amurka, ƙasar da ba wanda zai zarge ta da ƙin bindiga. Tsarin mulkinsu, ta gyara na biyu na 1791, ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, kuma kotun ƙolinsu ta tabbatar a 2008 cewa 'yancin na kowane mutum ne a gidansa. Duk da haka, a Amurka mutum ba shi da ikon ɗaukar bindigarsa ya miƙa wa wani da ke zaune a wata jiha daban. Dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a watan Oktoba 1968 ce ta hana. Ta zo ne bayan kashe Martin Luther King a watan Afrilu da Robert Kennedy a watan Yuni na shekarar, kuma mutane ba su manta ba cewa bindigar da aka kashe Shugaba John Kennedy da ita a 1963 ta gidan waya aka yi odarta. Abin da dokar ta shimfiɗa mai sauƙin fahimta ne. Idan mai bayarwa da mai karɓa ba jiha ɗaya suke ba, sai a aika bindigar ga dillali mai lasisin tarayya a jihar mai karɓa. Mai karɓa ya je da kansa, ya nuna shaidar ko shi wane ne, ya cike takarda, a bincika sunansa a rajistar da hukumar FBI ke riƙe da ita tun 1998, sannan a miƙa masa. Dillalin ya rubuta lambar bindigar a littafinsa. Ko ciniki ne ko kyauta, hukuncin ɗaya ne. Uba a jihar Texas da ke son ba ɗansa na jihar Ohio bindigar farautarsa, ta wannan ƙofa zai bi. Abu biyu aka ware: gado, muddin magajin yana da ikon riƙe ta a jiharsa, da aro na ɗan lokaci don farauta ko wasan harbi na halal. A 2022 kuma suka ƙara doka da ta sa sayen bindiga da sunanka don wani, da safararta, suka zama laifin da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 15.

Ba ina cewa Amurka ta warke ba ne. A 2021 kaɗai sama da mutum 48,000 bindiga ta kashe a ƙasar, fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. Kuma dokar tarayya ta bar wata ƙofa a buɗe: idan mutum biyu jiha ɗaya suke, ba ta tilasta musu bi ta dillali ba, sai dai in jiharsu ta tilasta, kamar yadda California ta yi. Sakamakon haka sananne ne. Birnin Chicago yana da tsauraran dokoki, amma kaso mai yawa na bindigogin da 'yan sanda ke kamawa a can daga wajen jihar suke zuwa, musamman Indiana da ke maƙwabtaka. New York ma haka take fama da waɗanda ake kwasowa daga jihohin kudu ta babbar hanyar gabar teku. Abu biyu nake so mu ɗauka daga wannan. Na farko, ko inda riƙe bindiga 'yanci ne, an yarda cewa lokacin da take canja hannu tilas a samu mutum na uku da zai gani ya rubuta. Na biyu, tsananin dokarka ba ya amfanarka idan ta maƙwabcinka sako-sako ce. Mu kuwa ba jiha biyu na ƙasa ɗaya ba ne, ƙasa biyu ne masu doka biyu, ɗaya da Faransanci ɗaya da Ingilishi, a kan mutanen da ke magana da Hausa.

Da akwai abin da ya haɗa dokokin biyu. A Abuja, ranar 31 ga Oktoba 1998, shugabannin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka amince da dakatar da shigo da ƙananan makamai, sannan ranar 14 ga Yuni 2006 suka mayar da ita cikakkiyar yarjejeniya, wadda ta fara aiki a 2009. Duk wanda ya karanta ta zai ga an yi aiki. Ta hana shigar da ƙananan makamai cikin ƙasashen ƙungiyar sai da takardar keɓewa. Ta hana miƙa su ga ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba idan ƙasar da abin ya shafa ba ta yarda ba. Ga farar hula mai neman izini ta sa sharuɗɗa: ya kai shekaru, ba shi da tarihin laifi, yana da dalili na halal, ya samu horo, yana da wurin ajiya, a raba bindiga da harsashi, kuma a jira aƙalla kwana 21 kafin a ba shi. Ta ce a sa wa kowane makami lamba, a yi rajistar maƙeran gida. Har baƙon da zai shiga wata ƙasa da bindigarsa na ɗan lokaci ta tanadar masa takarda.

Nijar ta sanar da ficewa daga CEDEAO ranar 28 ga Janairu 2024 tare da Mali da Burkina Faso, ficewar ta tabbata a ƙarshen Janairu 2025. Ba hukuncin ficewar nake tattaunawa a nan ba, mutanen Maraɗi sun ɗanɗana rufe iyaka da yanke wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma kowa na da abin da zai faɗa. Abin da nake nunawa shi ne, hanyoyin aikin yarjejeniyar nan, daga takardar keɓewa zuwa musayar bayanai, duk ta ofishin ƙungiyar a Abuja suke bi, mu kuma ba mu zaune a wannan tebur yanzu. Ƙawancen AES na ƙasashen Sahel ya haɗa mu da Bamako da Wagadugu, kuma yana da amfaninsa a yankin Tilaberi. Amma bindigar da ke damun manomin Gabi ba daga Mali take zuwa ba. Tana kai da kawowa ne tsakanin dajin Baban Rafi da dazuzzukan Katsina da Zamfara. Maraɗi tana buƙatar magana da Katsina, ko da wace ƙungiya Yamai take ciki.

Kuma ba sabon abu ba ne. A watan Satumba 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka zo nan Maraɗi suka zauna da gwamna Zakari Oumarou kan tsaron iyaka. A shekarar ce 'yan gudun hijira daga jihohin nan suka kwararo cikin gundumomin Gidan Rumji da Madarumfa, sama da mutum 40,000 kafin shekarar ta ƙare, har aka tsugunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa tun 1971, mazauninta a Yamai, kuma ba ta dogara da CEDEAO ba. A watan Agusta 2024 hafsoshin tsaron ƙasashen biyu sun gana a Yamai, a watan Afrilu 2025 ministocin harkokin waje ma suka gana. Ƙasashen biyu duka sun shiga yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ta fara aiki a ƙarshen 2014. Najeriya ta kafa cibiyarta ta kula da ƙananan makamai a 2021, ta ba ta ƙarfin doka a 2024. Ke nan ofis da ofis suna nan. Abin da nake nema shi ne jandarman Madarumfa da ya kama bindiga ya iya aika lambarta Katsina ya samu amsa cikin kwanaki, ɗan sandan Jibiya ma ya iya yin haka da Maraɗi.

Na san abin da za a ce mini, kuma maganar tana da nauyi. Za a ce: malam, kana zaune a Sabon Gari, akwai fitila a titi, akwai sintiri. Mutumin da ke ƙauyen bakin iyaka, wanda aka kore masa shanun noma, aka ɗauke matarsa aka nemi kuɗin fansa, shi za ka ce ya jira takarda? 'Yan bindiga takarda suke nema? Gaskiya ne, ɗan bindiga ba ya zuwa ofis. Kuma ba zan zargi mutumin da ya kwana a gona da 'ya'yansa don tsoro ba idan ya yi tunanin neman ƙarfe. Haƙƙinsa ne a kare shi, kuma inda aka bar shi shi kaɗai, hukuma ce ta gaza.

Amma mu dubi abin da ya faru da waɗanda suka riga mu bin wannan hanya. A Zamfara 'yan sa-kai sun tashi ne don kare garuruwansu daga ɓarayin shanu. Da makami ya yawaita a hannun da ba a rubuta ba, sai aka fara kashe Fulani a kasuwanni kan zargi, waɗanda aka kashe wa dangi suka shiga daji, dajin ya ƙara ƙarfi, aka shiga ramuwar gayya da har yau ba ta ƙare ba. Mu ma muna da namu tabon. A ƙarshen Oktoba 1991, a Toda da ke cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, yawancinsu mata da yara. A lokacin kalash ba ta cika ƙauyuka ba. Duk wanda ya tuna Toda ya tambayi kansa abin da zai faru idan irin wannan fushi ya tashi yau, kowane gida da ƙarfe a ƙarƙashin gado. Bindigar da aka saya don ɓarawo ba ta san ɓarawo ba. Tana nan a gidan ranar da aka yi faɗa kan iyakar gona, ranar da yaro ya samu saɓani da abokinsa, ranar da aka rasa kuɗin magani aka nemi mai saye cikin dare.

Ko Katsina, da ta yanke shawarar sa jama'a cikin tsaro, ba ta ce kowa ya nemo tasa ba a ƙarshe. A watan Oktoba 2023 gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, mutanen da aka tantance, aka horar, aka rubuta sunayensu, aka san wanda ke ba su umarni. Ana iya sukar aikinsu, kuma ana suka, amma idan ɗayansu ya yi ɓarna akwai wanda za a tambaya.

To me za a yi a nan? Ba na ganin muna buƙatar ƙirƙiro wani sabon gini. Tun 1993 Nijar take da tsarin Code Rural, wanda ya kafa kwamitocin filaye tun daga gunduma har ƙauye, inda mai gari ke shugabanta, ana rubuta sayen gona da aronta da jinginarta da gadonta, a ba mutum takarda. Bai kawar da rikicin gona ba, amma ya koya wa talaka cewa canja hannu abu ne da ake yi gaban shaidu. Ko a kasuwar dabbobi, ba mai hankalin da zai sayi sa ba dillalin da ya san mai shi, don gudun kada gobe a ce na sata ne. Abin da muke yi wa sa ya kamata mu yi wa abin da ke kashe mutum.

A bindigogin farauta da na gargajiya, a buɗe rajista a kowace ƙaramar hukuma, jandarma da mai gari da sarkin maharba su zauna tare. A ba da wa'adin da duk wanda ya kawo tasa za a buga mata lamba a rubuta sunansa ba tare da an kama shi ba, domin idan rajista ta zama tarko ba wanda zai zo. Daga ranar, duk sayarwa ko kyauta ko jingina sai mutum biyun sun bayyana tare. Gado kuma a ba shi lokaci mai ma'ana, a ajiye bindigar a hannun hukuma har a gama rabo, magajin da ta faɗa wa ya nemi izininsa. Maƙera a rubuta su, a ba su lambar da za su riƙa bugawa, a daina ɗaukar kowane maƙeri a matsayin mai laifi, domin wanda aka mayar ɗan ɓoye ba zai taɓa faɗa maka wa ya yi wa aiki ba. A fassara dokar da Hausa da Fulatanci a karanta ta a gidajen rediyon Maraɗi. Mutane da yawa da ke karya ta ba su taɓa jin ta ba.

Tsallake iyaka kuwa, a nan ba na ganin sassauci. Kada a yarda farar hula ya miƙa wa farar hula bindiga tsakanin ƙasashen biyu, ko ɗan'uwansa ne ciki ɗaya. Idan gado ne ya faɗa wa magajin da ke hayi, a bi ta hannun hukumomin biyu, ko a sayar a nan ga mai izini a aika masa kuɗinsa. Makamin yaƙi kuma ba shi da rajista, ba shi da gado, hanyarsa ɗaya ce, a miƙa shi ga CNCCAI, kuma a tabbatar wa mai miƙawa cewa sunansa ba zai fita ba, domin a ƙauyen bakin iyaka wanda aka san ya rabu da ƙarfensa ya zama abin farauta. Harsashi ma a sa masa ido fiye da yadda ake yi. Bindiga tana shekara da shekaru, harsashi kuwa ƙarewa yake, kullum sai an sake nemowa, kuma mai nemowar yana cikin gari, yana cin kasuwa tare da mu.

Kada mu ɗauka cewa duk abin daga arewa yake gangarowa. A 2017 kaɗai jami'an kwastan na Najeriya sun kama bindigogi sama da 2,600 a Legas cikin kwantenoni, yawancinsu daga Turkiyya aka yi lodinsu. Wasu kuma daga rumbunan gwamnatoci suke zurarewa, ko a ƙwace su a fagen daga. Layin dogon Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu 2021 zai ƙara yawan mutane da kayan da ke ratsa wannan iyaka idan ya kammala. Muna maraba da shi, kasuwancinmu na buƙatarsa, amma gara a shirya littafin kafin jirgin ya iso.

Akwai rawar da malamanmu za su taka, kuma ba sai sun jira gwamnati ba. Malaman fiƙihu, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun daɗe da hana sayar da makami a lokacin fitina ko ga wanda ake kyautata zaton zai tare hanya da shi, ko da cinikin a kan kansa halal ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Mai huɗuba a Sabon Gari ko Tsibiri ko Jiratawa yana da abin faɗa a kan wannan, kuma za a saurare shi fiye da yadda za a saurari takardar da aka liƙa a ofishin parafe. Musamman maganar ajiya. A al'adarmu abin kunya ne ɗan'uwa ya kawo maka ajiya ka tambaye shi mene ne a ciki. Wannan kunyar ce ake amfani da ita. Tsohuwa a ƙauye, ko mai shago a bakin tasha, ko ɗan kabu-kabun da aka ba ƙunshi aka ce ya kai wa wane, su ne ake kamawa da abin da ba su san tarihinsa ba, mai shi kuwa yana can hayi.

Ina kira ga gwamnan Maraɗi da Sarkin Katsina na Maraɗi da Sarkin Gobir da hakiman bakin iyaka da su ɗauki maganar rajistar nan su kai ta Yamai, su nemi a sabunta dokar 1963, su kuma nemi a sa musayar lambobin makamai cikin abin da hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu za ta zauna a kai. Kai kuma mai karatu, idan aka kawo maka ƙunshi aka ce ka ajiye ko ka tsallaka da shi, ka kwance shi gaban mai shi. Idan bindiga ce, ka ce masa ba za ka karɓa ba, ko da yayanka ne.